Yaɓe da Daɓe: Tarihin Gyaran Gidan Ƙasa a Kano da Zariya

Gabatarwa

Masana da dama sun yi nazari a kan gine-ginen Hausawa. Z. R. Dmochowski ya auna fadoji da masallatai ya zana su dalla-dalla, Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 a kan magina da hikimarsu, sa'an nan J. C. Moughtin ya wallafa littafinsa a 1985. Sai dai hankalin masu nazari ya fi karkata ne ga ranar da aka tayar da gini, da gwanin da ya tayar da shi, da kuma zanen da aka yi wa fuskar zaure. Aikin da ke biyo baya, watau liƙe tsaga da sake yaɓe da baibaya da daɓe, wanda masu gida ke yi da hannunsu shekara da shekaru, bai sami irin wannan kulawa ba. Alhali kuwa ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da shi. Manufar wannan maƙala ita ce a bi diddigin wannan aiki a biranen Kano da Zariya da karkararsu, a ga waɗanda ke yin sa, da kayan da suke yin sa da su, da kuma dalilan da suka sa ya ja baya a cikin ƙarni na 20.

Lokacin aiki da masu yin sa

Yanayin ƙasa shi ne ya tsara wa Bahaushe lokacin gyaran gidansa. Ruwan sama a Kano yakan sauka ne daga wajen watan Mayu zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma hadari yakan taso ne daga gabas da iska mai ƙarfi. Saboda haka bangon da ke fuskantar gabas shi ya fi shan duka, shi ake fara dubawa idan damina ta ɗauke. Ba a taɓa gini da damina sai dai larura, domin ƙasa ba za ta bushe ba, kuma kowa yana gona. Da kaka ana fama da girbi. Sai an kai amfani rumbu sa'an nan hannu ke samun sarari, a daidai lokacin da kududdufai ke da sauran ruwan da za a kwaɓa ƙasa da shi. Wanda ya yi sakaci har kududdufi ya ƙafe, to, sai ya sayi ruwa ko ya ja na rijiya. Aikin rufi kuwa akan bar shi zuwa bazara, a hau soro a liƙe tsagar da zafin rana ya buɗe, a share bakin indararo, kafin ruwan farko ya faɗi.

Kududdufi shi kansa shaida ce ta tarihin wannan aiki. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar da aka gina unguwa, kuma cikinsa ake komawa kowace shekara a ɗebo ta yaɓe. Hugh Clapperton da ya zo Kano a 1824, da Heinrich Barth da ya zo a 1851, duk sun yi maganar tafkuna da ruwan da ke kwance a cikin birnin, kuma sun ɗauke su a matsayin tushen cuta. Ba a musun sauron da ke cikinsu, amma ga mazauna birni nan ne ma'ajiyar kayan gyara, kuma nan ruwan da ya sauko daga indararo ke taruwa maimakon ya kwanta a gindin bango.

Ya kamata a bambanta aikin magini da aikin mai gida. Gini sana'a ce ta gado, tana da Sarkin Magina da ke shugabantar masu yin ta. Idan za a ɗaura bakan gizo, ko a yi rufin ɗaurin guga, ko a tayar da bene, tilas a nemi magini, domin kuskure kaɗan a wajen jera azara yana iya jawo asarar rai. Amma katangar da ta zube, da ɗakin da yaɓensa ya ɓare, da dangar da ta kwanta, da jinkar da ta ruɓe, duk waɗannan mutanen gida ne ke ji da su. Yaro yakan tashi yana ganin yadda ake zuba wa ƙasa ruwa da ramno, a tattake ta da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake cuɗawa, har ta yi danƙo. Yakan koyi mulmula tubali da jefa shi sama ga wanda ke zaune bisa bango. Kafin ya yi aure ya iya yaɓe, ko da kuwa shi maɗinki ne ko almajiri. Idan aikin ya fi ƙarfin gida ɗaya, kamar ɗora jinkar da aka ɗaure a ƙasa bisa kan ɗaki, sai a kira gayya, mai gida ya tanadi fura da goro.

Mata suna da nasu rabo, wanda shi ne daɓe. Akan baza tsakuwa ko birji a tsakar ɗaki, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, su yi ta duka suna waƙa har ƙasa ta haɗe ta yi sumul. An fi yin wannan idan za a kawo amarya. Masu nazarin adabin baka sun daɗe da sanya waƙoƙin daɓe a rukunin waƙoƙin aiki na mata, tare da na daka da na niƙa. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, rayuwar waɗannan waƙoƙi a ɗaure take da rayuwar aikin: ɗakin da aka zuba wa siminti ba ya bukatar madaɓi, ba ya kuma tara mata. Shafe ɗaki da farar ƙasa, da gyaran murhu, da liƙe ramin ɓera, su ma galibi mata ne ke yi.

Shari'a ma ba ta bar wannan fage ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ɗaliban fiƙihu a ƙasar Hausa ke karantawa tun da daɗewa, an bayyana cewa gyaran ƙasan bene yana wuyan mai ƙasan, an hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabcinsa, an kuma kwaɗaitar da shi kada ya hana maƙwabci kafa itace a jikin bangonsa, ko da yake alƙali ba zai tilasta masa ba. A birnin da gidaje ke manne da juna, katanga ɗaya tana raba gida biyu, kuma indararon wani na iya zuba a gindin bangon wani, waɗannan hukunce-hukunce na yau da kullum ne.

Makuba da laso

A nan ne ya dace a tsaya a duba da kyau, domin kayan da ake kare bango da su suna nuna yadda sana'o'in birni suka rataya da juna. Ƙasa zalla ba ta jure ruwa. Mafi sauƙin abin da ake haɗa ta da shi shi ne makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Ana shan garin ɗorawa, ana yin daddawa da kalwarta, ɓawon kuwa sai a jiƙa shi ya ba da ruwa ja-ja mai duhu. Da wannan ruwa ake kwaɓa ƙasar yaɓe, shi kuma mata ke yayyafawa idan daɓe ya kusa nuna, ya sa ɗaki ya yi ƙarfi da sheƙi. Makuba ba ta da tsada, kowane gida na iya haɗa ta, amma ba ta daɗewa, sai ana sabunta ta a kai a kai.

Laso ya fi makuba ƙarko, ya kuma fi ta wuyar haɗawa. Abu uku ake tarawa. Na farko katsi, watau laka da ke kwanciya a gindin karofi bayan an daɗe ana rini. A kwashe ta, a shanya, a ƙone, a dake ta ta zama gari. Na biyu gashin jima, wanda majema ke kankarewa daga fatar awaki. Na uku dafara, wadda ake daka saiwarta a jiƙa ta ba da ruwa mai yauƙi. Idan aka haɗa su sai a sami wani abu mai kama da siminti, wanda ake shafe rufin soro da zankwaye da rawanin gini da shi, wuraren da ruwa ya fi dukan su ke nan. Marina su ma da laso suke shafe cikin rijiyoyin rininsu don kada su tsiyaye. Akwai kuma cafe, wanda ake yi ta hanyar danna ƙananan tsakuwa a jikin yaɓe tun yana ɗanye, sa'an nan a shayar da shi da ruwan bagaruwa ko na makuba. Irin wannan sai gidajen masu hali.

Watau dai rufin soron Bakano yana dogara ne ga marini da majemi. Muddin karofi irin ta Ƙofar Mata na aiki, ana kuma jeme fata a birni, to, katsi da gashi tarkace ne da ake samu da araha. Haka kuma itacen rufi: azara daga giginya ake tsaga ta, an fi son ta namiji saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cin ta da sauƙi. Tazarar da azara ɗaya ke iya ɗauka ba tare da ta lanƙwashe ba ba ta wuce kimanin ƙafa 6 ba, shi ya sa magina suka ƙware wajen jera ta hawa-hawa daga kusurwa, da ɗaure ta cikin baka, don su faɗaɗa ɗaki. Idan ɗaki ya rushe ba a zubar da azararsa, sai a zare ta a yi wani rufin da ita. Ƙasar ma akan farfasa ta a sake kwaɓawa. F. W. Schwerdtfeger, a nazarin da ya yi wa gidajen Zariya wanda aka buga a 1982, ya nuna yadda fasalin gida ke sauyawa gwargwadon yadda iyali ke ƙaruwa ko rarrabuwa: a ƙara ɗaki idan an yi aure, a ja katanga idan 'yan'uwa sun raba tukunya, a bar wani ɗakin ya zube idan mai shi ya kau. Bisa wannan fahimta, gyara da gini a gidan Bahaushe aiki ɗaya ne da ba ya yankewa.

Ganuwa

Abin da mai gida ke yi wa katangarsa, shi ne gari ke yi wa ganuwarsa. Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwar birnin ga Sarki Gijimasu (1095–1134), sa'an nan aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) da na Muhammadu Nazaki (1618–1623). Clapperton ya ƙiyasta kewayenta da mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya kuma ƙidaya ƙofofi 15. Tudun ƙasa mai wannan girma ba zai kai ƙarni bakwai a tsaye ba sai da hannun dubban mutane, waɗanda sarauta ke tarawa da rani, a raba musu aiki yanki-yanki. Bayan da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, dalilin yin wannan wahala ya kau, tun da babu sauran yaƙi tsakanin garuruwa. Daga nan ganuwa ta fara zaizayewa, daga baya kuma ta zama wurin ɗibar ƙasa da filin gini.

Zuwan kwano da siminti

Ba a rana ɗaya Turawan mulki suka juya wa ginin ƙasa baya ba. A gidan ƙasa Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya zauna a Nassarawa inda ya buɗe makaranta a 1909, kuma da ƙasa aka gina Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Har a 1945 Ma'aikatar Ayyuka ta buga ɗan littafin A. F. Daldy wanda ya bayyana yadda ake haɗa laso da makuba da sauransu. Sai dai sunan littafin ya kira waɗannan gine-gine na wucin gadi, kuma wannan suna ya bi ginin ƙasa a takardun hukuma. Gini mai ɗorewa a idon hukuma shi ne na dutse da siminti da kwano.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, kuɗi suka shiga hannun fatake da manoma. Jirgin da ke kwasar gyaɗa zuwa Ikko shi ke dawowa da kwano da ƙusa da katako da buhunan siminti. Da farko sai kantunan Turawa da ofisoshin En'e da gidajen Sabon Gari, sannu a hankali abin ya shiga cikin birni. A 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe sabon masallacin Juma'a na Kano a madadin tsohon na ƙasa, kuma wannan ya nuna wa kowa inda aka dosa. Masana'antar siminti ta fara aiki a Nkalagu a 1957, a Ewekoro a 1960, a Kalambaina ta Sakkwato a 1967, sa'an nan a Ashaka a 1979. A tsakanin haka kuɗin man fetur suka zo, aka yi ƙarin albashin Udoji, aka kuma yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 daga waje, har jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a tashar Ikko a 1975. Harshe ma ya karɓi baƙin: birkila, kafinta, lebura, bulo, fenti, shebur, ɗan kwangila. Kowace kalma daga cikin waɗannan tana nuni ne ga aikin da ake biya a yi wa mutum, ko kayan da sai an saya.

Kuskure ne a ɗauka cewa sha'awar sabon abu kaɗai ta kawo wannan sauyi. Hannun da ke yin yaɓe ne ya ragu. Gidajen sarauta da na attajirai a ƙarni na 19 da bayi suke riƙe manyan sorayensu. Dokar Lugard ta 'yanta duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901, aka kuma soke bauta ɗungum a Arewa a 1936. A gidajen talakawa kuwa gandu ne ke tara uba da 'ya'yansa da ƙannensa wuri ɗaya, kuma M. G. Smith a Zazzau (1955) da Polly Hill a Ɓatagarawa (1972) duk sun tattauna yadda gandu ke watsewa. Haraji da bukatar kuɗi suka tura samari cirani zuwa haƙar kuza a Jos da ƙwadago a birane, a daidai watannin da aka saba yin gyara. Makarantar boko da aikin albashi ba su san hutun rani ba. Ga kuma gado: gidan da magada goma suka raba, kowa ya san ɗakinsa, amma zaure da katangar waje ba su da mai su. Ta ɓangaren kayan aiki, atamfa da yadin kanti da masaƙu irin ta Kaduna da ta fara aiki a 1957 sun rage wa karofi kasuwa, katsi ya yi wuya. Aka cike kududdufai da shara aka yi gini a kansu, giginya ta yi nisa, sai ga shi ƙasar da a da ake ɗiba a bayan gida ta koma sai an yi hayar mota.

Adalci ne a faɗi cewa kwano ya sauke wa mutane nauyi. Wanda ya taɓa kwana yana tara kwanoni a ƙarƙashin rufin da ke yoyo, yana sauraren ƙarar azara, ba zai yi wa soro kallon da mai yawon buɗe ido ke yi masa ba. Rufin kwano mai baki a waje yana ma kare bangon ƙasa daga ruwa, ko da yake ɗakin yakan zama tanda da bazara. Inda aka yi asara shi ne wajen shafe bangon ƙasa da siminti, abin da ya zama ruwan dare daga shekarun 1950 zuwa gaba, har ana zana ado a jikinsa. Ƙasa da siminti ba sa kama juna sosai, kuma ba sa miƙewa ko tsukewa daidai da juna idan zafi da sanyi suka sauya. Siminti yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Bangon da aka yaɓe da makuba yana bushewa idan rana ta fito, lalacewarsa kuma a fili take, mai gida yana gani ya liƙe. Wanda aka lulluɓe da siminti daga ciki yake ruɓewa fuskarsa tana nan sumul, sai ranar da ɓawon ya ɓanɓaro gaba ɗaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, amma a da mai bangon yakan riga ƙadangaren ganin tsagar. A watan Agusta na 1988, lokacin da aka yi mamakon ruwa a Kano har madatsar Bagauda ta ɓalle, dubban gidaje suka rushe. Irin wannan masifa takan ƙara wa mutane yaƙinin cewa ginin ƙasa ba shi da ƙarko, ba tare da an tambayi shekara nawa bangon ya yi rabonsa da yaɓe ba, ko kuma ina ruwan unguwa ya nufa bayan an cike kududdufinta.

Masallatai uku

A hayin iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar, akwai misalin da ke nuna abin da hannun jama'a ke iya yi. A garin Yaama na jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali da itace. Da aka tashi gyara shi a 1975, sai gyaran ya zama ƙari: aka sake rufin da bakuna da tuluwa, aka yi ta tayar da hasumiyoyi har zuwa 1982. A 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. Haka nan hasumiyar Agadas mai tsayin mita 27, itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan da masu yaɓe ke takawa. Watau tun wajen gini aka yi tanadin gyara. Amma ko a can ba a tsira ba, domin a farkon watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19.

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), shi ne ake ɗauka ƙololuwar fasahar bakan gizo a ƙasar Hausa. Ya haura shekara 120 a sarari, rana da ruwa suna dukansa, ana yaɓe shi. A shekarun 1970 aka kewaye abin da ya rage na tsohon ginin da sabon gini na zamani. Ranar 11 ga Agusta 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe nasa ya rufta, mutane da dama suka rasu. Fadar Zazzau ta bayyana cewa an lura da tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin aukuwar abin. Dmochowski ya riga ya auna masallacin tun kafin a taɓa shi, kuma da wannan awo aka gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos, tare da kwafin wani yanki na ganuwar Kano. Da ƙasa da azara aka gina kwafin, a garin da ya fi Zariya ruwan sama, saboda haka shi ma duk shekara yana jiran masu yaɓe.